Ranar da Kwalbati Ya Shaƙe

Daga ƙarƙashin gado Tela ya ji abin: wani gurnani kamar sa yana zuƙar ruwa ta hanci, ya yi shiru, ya sake. Ya taɓa matarsa.

"Cikinka ne, ka kwanta," in ji ta.

Ba cikinsa ba ne. Magudanar ruwan unguwa ce, wadda ya rufe da siminti shekaru biyu da suka wuce, ya ɗora shago da ɗakin kwana a kanta.

Da safe ya tarar da Baba Ƙugiya tsugune a bakin kwalbati, ya kara kunne da ƙasa. Tsoho ne, ba mata ba ɗa, a ɗakin ƙarshen layi yake. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, amma shekara talatin shi ke yashe kwalbatin da wata doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasa a baki, har sunanta ya bi shi.

"Ya shaƙe," in ji Baba. "Wani abu babba ne a maƙogwaronsa, ga ruwa na tafe. Dubi can."

Tururuwa ce ke hawa bango a jere, kowace da farin ƙwai a baki, har saman rufi.

"Baba, kai da tururuwarka."

"Dā daga sama nake zura ƙugiya. Yanzu keken ɗinkinka ne a wurin tsayuwata."

Tela ya yi dariya ya shige shago, amma ranar sau biyu yana warware wuyan riga ɗaya.

Kwana uku ke nan ana tafka ruwa can kan tudu. Rafin bayan gari ya cika maƙil, ga shi masu tifa sun kwashe yashin gaɓarsa, ba abin da zai tare shi. Da la'asar nasu hadarin ya iso. Ɗigon farko na sauka, kowane gida ya fito da shararsa, kamar kullum, aka juye a magudana don ruwa ya tafi da ita.

Bai tafi da ita ba. Ya dawo da ita. Kafin a ankara ruwa ya kai gwiwa a tsakar gidaje, tukwane na yawo, katangar maƙwabcin Tela, Mai Wanki, ta zauna ƙasa kamar wadda ta gaji. A layin akwai mai jego, akwai makauniyar da ba ta iya hawa ko benci.

Baba ya fito da igiya. Ya ɗaure ƙugunsa, ya miƙa wa Tela da Mai Wanki ɗaya bakin.

"In na ja sau biyu, ku jawo ni. Sau ɗaya, ku ƙara mini igiya."

"Baba, ka bari ruwan ya tsagaita," in ji Tela.

"Ka gaya wa mai jego haka."

Ya tuɓe hularsa ya ɗora a kan tagar shago, ya nutse da ƙugiyarsa ƙarƙashin simintin.

Igiya ta ja sau ɗaya. Suka ƙara. Ta sake ja, da ƙarfi, sau ɗaya. Mai Wanki ya dubi Tela.

"Biyu ke nan, ko ɗaya da ɗaya?"

Suna jiran ta sake motsi, kwalbatin ya buɗe da ruri. Ruwan layin duka ya juya ya nufi ramin, igiya ta saɓule musu fatar hannu ta wuce. Cikin rabin sa'a tsakar gidaje sun tsane, sai laka.

Washegari aka sami gawar Baba bayan gada, a cikin gonar wani. Bayan an rufe shi, mutanen layin suka koma wurin, domin an ce akwai abin da ya maƙale a reshe. Katifa ce, ta sha ruwa ta kumbura, ƙugiyar Baba a soke a tsakiyarta.

Tela ya gane ta tun daga nesa. Da hannunsa ya ɗinka rigarta da ƙyallayen da suka rage a shago, kuma da hannunsa ya tura ta magudana a farkon damina, saboda kuɗin cizo. Ga shuɗin yadin Mai Wanki a jiki, ga atamfar mai jego, ga wani ɗan fari daga rigar Baba kansa. Kowa ya tsaya yana kallon nasa ƙyallen.

Makauniyar da aka riƙo wa hannu ta matso ta shafa ɗinkin a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wai katifar wa ce?"

Ruwa ya ci gaba da ɗiga daga gefen katifar.