Wasiƙar da Terkula Bai Aika Ba

Ina tsakiyar wanke mota sai Ngodoo, matar maƙwabcina Terkula, ta leƙo ta saman katanga.

"Firinsifal, Baban Sewuese na kira. Ya ce ka zo da tabaraunka."

Tiyo ya suɓuce daga hannuna. Marar lafiya ba ya cewa a zo da tabarau sai in akwai abin karantawa, ni kuwa shekara goma sha biyu ke nan ina tsoron wannan karatun.

Tare muka tashi da Terkula a nan Gboko. Shi ke da ƙwaƙwalwa, ni ke da uba mai gonar lemu. Ranar jarrabawar gama sakandare shi ya shiga ya rubuta mini lissafi, hotonsa manne a saman sunana. Da wannan sakamakon na shiga jami'a, na yi digiri biyu, na zama shugaban makaranta. Duk shekara nakan tara ɗalibai a rana in yi musu wa'azi kan satar amsa. Ana yaba muryata.

Shi kuwa ya kai babban akawu a ƙaramar hukuma, sai shekara goma sha biyu da suka wuce ya faɗa hannun wata ikilisiya ta masu neman tsarki, waɗanda matansu ba sa saka ɗan kunne. A wurinsu tuba ba ta cika sai ka koma ka gyara duk abin da ka ɓata, ɗaya bayan ɗaya. Terkula ya riƙe abin kamar yadda ya riƙe lissafi. Ya rubuta wa ofishinsu cewa ya rage shekara huɗu a takardar haihuwarsa. Suka gode masa, suka sallame shi. Ya kai wa wata tsohuwa akuya a madadin wadda muka sace mata muka gasa muna aji uku. Ni na ci cinyar, shi aka sa wa albarka.

Ya koma sayar da irin doya a kasuwa. Ni na gina bene, kuma babban amfanin benen shi ne ina hango tsakar gidansa: shi da Ngodoo a gindin mangwaro, suna cin sakwara a kwano ɗaya suna dariya. Dariyar me, ban taɓa ganewa ba. Ni ke da janareto da hawan jini.

Na same shi kwance kusa da taga. Ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu.

"Iorfa, ka ƙara tumbi," ya ce da ni.

"Kai kuma tsarkin ya kama ka sosai, saura ƙashi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ngodoo ta ba shi ruwa, ta fita ta ja ƙofa. Ya zaro ambulan daga ƙarƙashin filo ya miƙo mini. Adireshin hukumar jarrabawa ne a bayansa. Na sa tabarau. Komai na ciki: shekara, makaranta, lambar kujera, sunana cikakke. Rubutun ma ya fi nawa kyau.

"Tun yaushe ka rubuta?"

"Tun farko. Ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da zan gyara."

"Me ya hana ka aikawa?"

"Sauran duk ni kaɗai suka ci. Wannan kai za ta ci. Fasto ya matsa mini, na ce masa ba zan taka wuyan ɗan'uwana in hau sama ba."

"Saura wata takwas in yi ritaya, Terkula."

"Na sani. Daga tagar nan ina jin ka kana faɗa wa baƙi."

Haushi ya taso mini, irin wanda nake ji daga saman bene.

"To faɗa mini gaskiya, kai waliyyi. Ka zubar da aiki, ka sa matarka suyar ƙosai a bakin titi. Daɗin me ka ji?"

"Ba kullum na ji daɗi ba," ya ce. "Ranar da 'yata Sewuese ta bar makaranta ta koma koyon ɗinki, na zaga bayan ɗakin nan na yi kuka kamar jariri. Amma Ubangiji bai kira mu don jin daɗi ba, Iorfa. Tsarki ya nema." Ya ɗan numfasa. "Barci dai ina yi."

Wannan ta shige ni. Ya san fitilar ɗakina a kunne take kwana.

Ya nuna ƙasan takardar da yatsa. "Na sa hannu a nawa gefen. Ga layi nan babu kowa. Kan sarki ma na manna maka. In ka ga dama ka aika, in ka ga dama ka ƙona. Na fita."

"Wannan mugunta ce."

"Haba, Firinsifal. Ai ka saba. Ni in rubuta, kai ka sa suna."

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu, Ngodoo na rera masa waƙar sujada. An lulluɓe akwatin da zanenmu na gargajiya mai ratsin baƙi da fari. Masu sayar da doya suka rufe rumfunansu suka zo. Jikokin tsohuwar akuya suka zo a bayan akori-kura. Har wanda ya sa hannu a takardar korarsa ya zo, ya tsaya can baya yana fyace hanci. Ni aka ba kujerar gaba, aka ce in yi jawabi a matsayin aminin mamaci. Na yi, ya yi kyau. Ina magana ina duban taron, ina ƙiyasta su wa za su zo jana'izata. Malamaina za su zo, in mataimakina ya zagaya da takardar rubuta suna.

Ambulan ɗin na cikin aljihun motata, ƙarƙashin takardun inshora. Ban sa hannu ba, ban ƙona ba. Gidan waya na kan hanyar makarantarmu, kuma kullum da safe in na zo daidai nan ƙafata kan sauka daga totur, har 'yan acaɓa su dame ni da oda. Jiya na duba, kan sarkin ya fara ɗagowa ta gefe ɗaya. Na shafa masa yawu, na danne da babban yatsa har ya kwanta.