Bareyin Baba Noah da Ragunan Hamman

Duk Gabukka, daga mai shayi har mai facin taya, babu wanda bai san Baba Noah ba. Shi ne mutumin da ɓauna ta ɗaga sama a dajin kudu, ya faɗo, ya kakkaɓe wandonsa, ya dawo gida da ƙafarsa. Tabon yana nan a haƙarƙarinsa, kuma ba ya rowar nuna shi. Abokan farautarsa duk ƙasa ta rufe idonsu, shi yana nan daram, yana tauna ƙashi da haƙoransa.

Sai dai daji ya riga shi tsufa. Inda bareyi ke kiwo a da, yanzu gonaki ne. Abin da garma ta bari, wutar rani ta lashe. Abin da wuta ta bari, samari masu babur da tocila suka kwashe. Don haka ya rataye bindigarsa, ya nemi bareyi uku, namiji ɗaya da mata biyu, ya killace su a filin bayan gidansa. Burinsa su hayayyafa, ya mai da su dutsen garinsu, inda dagaci ya hana farauta. Ƙaramar macen, wadda yake kira Kyauta, tana da tsohon ciki.

Ana haka Babbar Sallah ta matso. Maƙwabcinsa Hamman, Bafulatani mai sayar da dabbobi, ya sayo raguna a kasuwar dabbobi ta Tike, ya yi sallama kamar yadda ya saba duk shekara.

"Baba Noah, na kawo baƙinka. Gidana ko kaza ba ta miƙe ƙafa."

"Shigo da su mana! Fili dai Allah ya ba mu."

Haka zaman yake tun da suka tare a unguwar. Hamman ya ɗaure raguna a filin Baba Noah, ranar Sallah cinya guda ta tsallako katanga. Ranar Kirsimeti kuma shinkafa da kaji su tsallaka can. Bambancin bana ɗaya ne: bana akwai bareyi a filin, kuma komin ruwa guda ne.

Cikin ragunan akwai wani fari mai tari, majina ta toshe masa hanci. Ba a jima ba namijin barewa ya daina cin harawa. Ya tsaya kai a sunkuye, ido na kwantsa, zawo ya ɓata masa ƙafafun baya. Wata safiya Baba Noah ya tarar da shi a sandare gefen komi. Babbar macen kuma ta fara tari.

Mutumin da bai girgiza gaban ɓauna ba, ranar nan tsoro ya kama shi. Ɓauna ana ganinta, ana jin warinta. Wannan abin fa? Ya dubi iska, ya dubi ruwa, ya rasa inda zai auna.

Matarsa Selina ce ta kira Jamilatu, likitar dabbobi. Likitar ta buɗe bakin mushen, ta ga gyambo a dasashi, ta girgiza kai.

"Baba, cutar tumaki ce. Tana bin numfashi, tana bin ruwan sha. Na gida wasu kan tashi, amma na daji in ta kama su, sai dai haƙuri. A daji ma tana kashe su, in sun haɗa mashaya da garke."

"To yi musu allura, 'yata."

"Allurar ta kafin ciwo ce. Yanzu dai a raba su. Kada mai cikin nan ta ƙara shaƙar iskar tunkiya ko akuya. Ragunan nan su bar gidan yau."

Yau! Baba Noah ya je ƙofar Hamman, suka gaisa, suka yi hirar tsadar dusa, ya dawo bai faɗa ba. Ta ina zai fara? A kori dabbar maƙwabci ana jibi Sallah?

Selina ta kama haɓa. "Baban Jerome, ashe gaskiya ne, tsoro na daji, kunya na gida. Kai da ka yi kokawa da ɓauna, rago ya kayar da kai?"

Ya ɗauko zanenta, ya lallaɓa ya rufe wa Kyauta ido, domin barewa in ta firgita a cikin gini takan yi ta dukan bango har ta karya wuya. Ya sungume ta, zuciyarta na bugawa a ƙirjinsa kamar kalangu, ya kai ta ɗakin kwanansa, ya fitar da gado waje.

Babbar macen ta mutu ranar Sallah. Raguna suka tafi ta hanyar wuƙa. Cinya ta tsallako katanga, Baba Noah ya kasa kai loma bakinsa. Yana zaune a bakin ƙofar ɗaki, kunne a jikin ƙyaure. In Kyauta ta motsa, gabansa ya faɗi. In ta yi shiru, ya fi faɗuwa.

Sai wani hantsi ya ji ta. Tari ƙarami, busasshe, kamar an taka kara.

Ta haihu tana cikin ciwon, ɗiya mace, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Ta lashe ta, ta ba ta nonon fari, kafin la'asar ta mutu. Jamilatu ta sa aka ɗauke jaririyar zuwa ɗakin Selina, ta tafi neman madara da bulumboti. Jaririyar na kwance cikin kwando, tana wani kuka siriri da ke ƙara yin ƙasa.

Nan aka yi sallama. Hamman ne, idonsa jawur, riƙe da igiyar tunkiya mai cikakken hantsa.

"Baba Noah, yanzu nake jin abin da ragunana suka jawo. Wallahi ban sani ba. Ga wannan, jiya ta haihu. Mu a ruga haka muke yi wa maraya, a shafa masa fitsarin sabuwar uwar, ta karɓe shi. Useko, don Allah, ka bari ta shiga."

Baba Noah ma ya san dabarar, ya sha ganin ta yi aiki. Ga nono na ɗiga a ƙasa, ga yunwa na kuka a ɗaki, Jamilatu kuwa shiru. Ya dubi hancin tunkiyar. Akwai ɗan danshi. Raɓa ce? Ruwan da ta sha ne? Tunkiyar ta miƙa wuya cikin zaure, ta buɗe hanci.

Baba Noah ya tare ƙofa da ƙirjin nan mai tabo.

"Hamman, ɗan'uwana, kai ka shigo, gidanka ne. Ita dai ba za ta shiga ba."

Hamman ya kalle shi. Sa'annan ya juya, ya ja tunkiyarsa. Baba Noah ya bi su da kallo. Ga barewa za ta tafi, ga maƙwabci ya tafi.

Bai bar bakin ƙofar ba sai ga Hamman ya dawo, ya sauya riga, ya wanke hannu har gwiwa, da ƙwaryar madarar saniya tafasasshiya. Selina ta tsoma yatsa a ciki, ta kai bakin jaririyar. Shiru. Ta sake tsomawa. Tsofaffin biyu suka durƙusa gaban kwando, babu mai numfashi.

Sai ɗan harshen nan ya naɗe yatsan, ya ja.

"Ka gani ko?" in ji Baba Noah. "Gidan nan ba a mutuwa da sauƙi."