Yatsan Mai Faci

"Ba zan daina sha ba," in ji Mai Faci. "Na dangwala."

Yana kwance a kan katifa, ƙafafunsa sun kumbura kamar tayar da aka cika wa iska. 'Yarsa tana tsaye ta ɓoye kwalbar ƙwayoyin a bayanta. Ita ta leƙo ta katanga ta kira ni, don a layinmu duk abin da ya gagara ni ake nema.

"Baba, yi masa magana. Kwana tara ke nan ba ya fitsarin kirki, kuma ya hana a gaya wa asibiti."

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma likitoci uku da suka ce ba zan kai baɗi ba duk na raka su makabarta. Mota ta kife da ni, na fito da ƙafata. Shi ya sa da babban asibiti ya kafa kwamitin da ke duba kowane gwajin magani kafin a taɓa jikin mutum, aka ce ana son mutum ɗaya daga unguwa, ni aka ɗauka. Mu tara ne: likitoci, lauya, malamin addini, ma'aikaciyar jinya, sai ni. Aikina ɗaya. A karanta mini takardar yarda da baki. In na gane, kowa zai gane. In ban gane ba, a mayar wa masu binciken su sake rubutawa.

Takardar wannan maganin hawan jini shafi shida ce. Ranar da aka kawo ta fanka ta mutu, lauya yana karatu kamar ana kora shi. Shugabarmu, wata likita mai tabarau, ta ce, "Baba, ka gane?" Mutum takwas masu biro suka zuba mini ido. Na ce sarai. Aka sa hannu.

Bayan wata biyu ni da kaina na kai Mai Faci ya shiga gwajin. Shekara arba'in yana facin tayar keke a rumfar da ke jikin ƙofata, ƙeyarsa kullum tana sara.

Na zauna a bakin katifar. "Kai, bar ƙwayar nan."

"Ƙarfe," haka yake kira na, "kai ka ce an duba. Sun ce kullum ɗaya, shekara guda, na dangwala yatsa. Ka taɓa ganin na karɓi keken mutum na mayar masa ban gama ba?"

"Ai kai ba keke ba ne."

"In na ce ba ni da lafiya aikinsu ya lalace, a ce mai faci ne ya saɓa alkawari. Ba ni abina, 'yar nan."

Washegari da safe na shiga ofishin shugaba ba tare da na jira layi ba, ni ba a tsayar da ni a ƙofa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta zaro takardar daga durowa, ta buɗe shafi na biyar ta karanta: wanda ya shiga yana iya fita duk ranar da ya so, ba laifi a kansa, asibiti zai ci gaba da duba shi, kuma duk wani ciwo a faɗa nan take.

"An karanta maka wannan, Baba."

"An karanta."

"Ka ce ka gane."

Na ce ai ranar fanka ce ta mutu. Ta ɗaga waya ta ce kada a ƙara ɗaukar ko mutum ɗaya a gwajin sai kwamiti ya zauna, ta aika mota a ɗauko Mai Faci.

Gado na huɗu daga taga aka ba shi. An sa masa ruwa, an ɗaura masa robar fitsari, amma hankalinsa yana kan kwalbar. Shugaba ta zo da kanta, da matashin likitan da ke gwajin, yana ta murza hannu.

Shugaba ta ce wa Mai Faci, "Baba, ka fita daga gwajin daga yau. Ba wanda ya yi fushi."

"Haka kawai?"

"Da baki ma ya isa."

"Da yatsa na shiga, likita."

Ta dube shi, ta dubi ma'aikaciyar jinya. Aka je aka nemo tawada. Ta rubuta layi biyu a farar takarda ta karanta a hankali: mai wannan yatsa ya cika abin da ya ɗauka, an sallame shi.

"Ka gane, Baba?"

"Ni na gane," ya ce, numfashinsa yana sama-sama. "Tambayi Ƙarfe."

'Yarsa ta sunkuyar da kai. Na ce a sake karantawa. Aka sake. Sannan na riƙe masa hannu ya dangwala, ya danna sosai kamar yana manna faci.

Kwana huɗu ya ƙara, ya cika da hantsi. Kwamiti ya zauna sau biyu. Wasu suka ce maganin ne, wasu suka ce ƙodarsa dama ta gaji, aka tura jininsa a ƙara dubawa. Takardar dai an mayar da ita shafi ɗaya, aka bi mutum ɗari da sha biyun da ke cikin gwajin gida-gida, kowa sai ya maimaita da bakinsa abin da ya ji. Yanzu lauya yana ganina yake gyara zama, don sau uku nake sa shi karatu.

Ni na yi masa wanka, ba wanda ya fi ni sanin jikinsa. Baƙin man keke na shekara arba'in ya fita daga tafinsa da sabulu. Babban yatsan dama na cuɗa sau uku, shuɗin yana nan. Na bar shi, na naɗe hannun a cikin farin yadi.