Ɗakin Yaya Laraba

"In ka riga ni mutuwa, Almu, a ina zan kwana?"

Yayata Laraba ce ta yi mini tambayar, tana tsintar shinkafa. Ni da nake warware wa mutane matsaloli a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, sai na ɓige da gyaran hula. Shekara goma sha tara tana zaune a ɗakin da ke jikin titi a gidana, tun rasuwar mijinta, kuma ba ta da ɗa. Karatuna na kaina ne, amma ya isa in san cewa mai ɗa namiji, 'yar'uwarsa ba ta gadonsa. Sai dai ya yi mata wasiyya, kada ta wuce sulusin dukiya.

"To ka rubuta mana," in ji ta.

Na ƙi. Na ce lamarin yana da zurfi. In na rubuta, na zargi ɗana Abbas da laifin da bai yi ba. In ban rubuta ba, na jingina ta ga kirkin da ban gwada ba. Wata takwas ina juya wannan magana, har daɗinta nake ji.

"Mi ka gano?" takan ce.

"Ina nazari, Yaya."

"Allah ya sa ajali ma nazarin yake."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ce, jam'iyyu na neman ofis a kowane lungu. A majalisa ni ne mai ɗaga murya cewa ƙasa ba ta zama lafiya sai an rubuta komai. Daga irin wannan wa'azin na dawo wata ranar, na tarar da Abbas da Dabo magini suna auna bangon ɗakinta ta waje.

"Ƙofa za a fasa, Baba, a ba 'yan siyasa haya. Ba yanzu ba fa. Nan gaba."

"Gaban me?"

Ya sunkuyar da kai. Ba mugunta a fuskarsa. Ya dai riga ni gama tunani.

Yaya ta leƙo ta taga ta ce, "Sannunku da aiki. Ku sha ruwa?"

Na sa Dabo ya auna gidan duka, ya faɗa mini ko ɗakin ya kai sulusi.

"Ko kusa, Malam."

Na aiki Abbas ya kira maƙwabta biyu, Talle da Malam Nu'uman, su zama shaidu. Na zauna a dakali, na ɗora takarda a gwiwa, na fara rubuta wasiyyar.