Gidan da Wuta Ta Tsallake

Shekarar da wutar daji ta cinye unguwar bayan tudu, 'yar Kafinta ta zo gida da farin kayan asibiti a jikinta, ko zama ba ta yi ba ta shiga zagaya gidan tana nuna abubuwa da yatsa. Tana cikin waɗanda suka yi jinyar mutanen da suka ƙone a can, abin da ta gani kuwa ya hana ta sukuni.

"Baba, wannan ba gida ba ne, murhu ne aka jera wa itace. Ashana kawai yake jira."

Maganar ta sosa wa Kafinta rai. Gidan ne na ƙarshe a layin, daga shi sai daji, kuma babu katako a jikinsa da ba shi ya goge da hannunsa ba: barandar da ya yi wa marigayiya matarsa, marafan tagogi, silin, har shingen da ya raba shi da maƙwabci. Ya ce mata tun kafin a haife ta ake wutar daji, ba ta taɓa tsallako rafi ba.

"Rafin da ya ƙafe? Baba, ba sai wuta ta iso ƙofa take cin gida ba. Iska ke ɗauko garwashi ta cusa shi ƙarƙashin rufi, ko cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo. Kana zaune a ɗaki, samanka na ci."

Uwata yake kiranta, kuma bai taɓa iya musu da ita ba. Ya ɗauko guduma.

Da barandar ya fara. Ƙusoshin da ya buga yana da ƙarfinsa, yanzu yana zare su ɗaya bayan ɗaya, katakon na kuka. Aka sauya rufin da sabon kwano mai kauri, aka toshe kowace kafar shan iska da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, marafan tagogi suka koma na ƙarfe. Bishiyar da rassanta ke shafar rufi ta sha zarto. Inda ciyawa da furanni suke, aka zuba tsakuwa zagaye da gida, har tsakar gidan ta koma kamar harabar ofis.

Maƙwabcinsa, Mai Tantabaru, abokinsa ne tun suna samari. Yakan jingina da shinge yana kallon aikin, bakinsa ba ya hutawa.

"Jama'a ku zo ku gani, kafinta ya yi ridda, ya koma addinin birkiloli! In ka gama, malam, sai ka ɗinka wa kanka rigar kwano."

"Yi dariyarka. Ka bari in janye maka akurkin nan daga jikin ɗaki, mu kwashe itacen da ka tara a zaure."

"Tsuntsayena sun saba da wurinsu. Abin da zai sami mutum ba ya kuskure masa."

Shingen ne ya rage. Akwai 'yar ƙofa a jikinsa ta baya, daidai kusurwa, wadda ta nan shayi da hira da aron kaya suke ƙetarawa tsakanin gidajen biyu. 'Yar ta ce shingen katako igiya ce da wuta za ta biyo har bango, dole a yi katangar bulo. Maƙerin da zai haɗa ƙofar ƙarfe ya yi ta cewa gobe, birkila kuma ba ya jira, sai ya ja katangarsa santal har ta fi tsayin mutum. Kafinta ya ce in ƙofar ta samu a fasa a sa. Daga nan hirar tasu ta koma ta murya, kowa na ɗaga harshe daga nasa gefen.

Wutar ta zo da tsakar rana. Sama ta yi ja, rana ta koma kamar tsohon kwabo, toka na zuba a kan motoci. 'Yan kwana-kwana suka bi layi da lasifika suna cewa kowa ya fita. 'Yar Kafinta ta iso da mota, ta tura ubanta ciki, ta riƙo matar Mai Tantabaru da ke tsaye a titi ba takalmi.

"Ina maigidan?"

"Yana baya, wai zai buɗe wa tsuntsaye."

Kafinta ya fita da gudu ya koma tsakar gidansa, ya tsaya jikin katanga yana ƙwala masa kira. Ba ya ganinsa, sai fiffikar tantabaru da tari.

"Ku tafi, ina bayanku! Ga babur ɗina nan a zaure!"

Suka tafi. A zauren wata makaranta aka tara su, duk babur ɗin da ya shigo sai Kafinta ya miƙe, ya sake zama.

Da aka ba su izinin komawa, layin ba ya ganuwa. Gidaje sun zama tarin toka da lanƙwasasshen kwano, nan firij, can ƙarfen gado. A ƙarshen layin, gida ɗaya tsaye, na Kafinta. Fentinsa ya ɗaye, ragar kafofin ta cika da mataccen gawayi, garwashin da ya faɗo kan tsakuwa ya mutu inda ya faɗi. A ciki ko labule bai ƙone ba, kofinsa na nan kan tebur.

Wani dattijo cikin 'yan kwana-kwana ya ja shi gefe. Ya ce itacen zauren maƙwabci ne ya fara kamawa, hanyar fita ta rufe. Sun sami mutumin a baya, a gindin katanga, daidai kusurwa.

"Wataƙila hayaƙi ya riga wutar, Baba. Galibi haka ne."

Kafinta bai tambayi wace kusurwa ba. Ya sani, inda 'yar ƙofar nan take ce a da.

Daga baya mutane suka yi ta zuwa kallon gidan, wasu da kyamara, wasu daga hukuma, suna cewa abin koyi ne. Yakan nuna musu raga da kwano da tsakuwa, ya amsa abin da aka tambaye shi, ba ya ƙara ko kalma. Matar marigayin ba ta da inda za ta, sai 'yar Kafinta ta ba ta ɗakinta na gidan uban nata. Matar ba ta taɓa ɗaga zancen katangar ba, shi ma bai iya haɗa ido da ita ba.

Wata safiya ya ɗauko babbar guduma ya nufi kusurwar. Ya kai duka ɗaya, bulo ya tsage. Sai ya ji muryar matar marigayin daga bakin ƙofa.

"Bar ta, Yaya."

Ya tsaya, ya juyo.

"Dajin zai sake tofowa, iskar ma tana nan. Ni kuma nan nake kwana yanzu."

Ta koma ciki. Ya daɗe a wurin kafin ya jingine gudumar. Da yamma ya kwaɓa siminti kaɗan a tsohon kwano, ya liƙe inda ya tsaga.