Kilo Ukun da Suka Rage

Kilo ukun nan suka ƙi tafiya ƙememe. Bijimi ya yi duk abin da aka ce ya yi, har da wanda ba a ce ba, amma ma'aunin gidan burodin da yake aiki, wanda ake auna buhun fulawa da shi, shi ma yake hawa ya auna kansa, ya kafe wuri guda kamar da gayya.

Ba don kwalliya yake rage ƙiba ba, ina ruwan Bijimi da kwalliya! Ƙanwarsa Auta ce ƙodojinta suka daina aiki, sai injin asibiti ke wanke mata jini. An gwada 'yan gidan kaf, shi kaɗai ne jininsa ya dace da nata. Likita ta dube shi sama da ƙasa, ta ce za a iya cire masa ƙoda ɗaya a dasa mata, amma fa ba da wannan jikin ba. Ta yanka masa nauyin da zai sauko. Ta ce in ranar gwajin ƙarshe ta zo bai kai ba, likitocin da ke zuwa yin aikin za su yi wa wasu su tafi abinsu, kuma ba sa dawowa sai wata shekara. Jijiyoyin hannun Auta kuwa sun gaji da allura, kowa a gidan ya san ba lallai su kai wata shekarar ba, faɗa ne dai ba a yi.

Shi kuwa mutum ne da tun yana saurayi sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Bijimi. Buhu biyu yake saɓawa a kafaɗa ya haura matakala yana waƙa. In mota ta maƙale a layinsu, ba a neman mutane, shi ake nema. To wannan mutumin ne aka ce ya riƙa cin ganye da dafaffen ƙwai, yana tsaye wuni guda a gaban tanderu, burodi mai zafi na fitowa a ƙarƙashin hancinsa. Kuma ya yi! Wata da watanni ko ɓawon burodi bai kai baki ba. Wandonsa ya koma sai da igiya. Abokan aiki suka sa shi gaba da tsiya, wai Bijimi ya koma ɗan maraƙi, yana dariya a fuska, a ciki kuwa abin na cin sa.

Wadda ta fi kowa wahalar da shi ita ce Inna, mahaifiyarsu. Tana son a ceci 'yarta, wannan ba shakka, amma idonta ba ya iya ganin ɗanta a rame. Duk zuwan da za ta yi sai da kwano a hannu, ta ajiye a gabansa, ta harari matarsa.

"Wai ke ba ki dafa masa abinci ne? Dubi wuyansa, don Allah!"

"Inna, likita ce ta ce," in ji matar, kanta a ƙasa.

"Likita ta ce a rage, ba ta ce a ƙarar ba. Mutumin da za a yanka ai ƙarfi yake bukata."

Saura 'yan kwanaki a yi gwajin, Bijimi ya kai kukansa wurin Koci, mai ɗakin ɗaga ƙarfen da yake zuwa motsa jiki da yamma. Koci tsohon ɗan dambe ne, hancinsa a lotse, kuma a duniya ba abin da bai sani ba, in dai a bakinsa za ka ji. Ya saurara har ƙarshe, sai ya tuntsire da dariya.

"Kilo uku? Haba Bijimi! Kilo uku ne ya hana ka barci? Mu da muke zubar da biyar kafin a auna mu mu hau dambe? Ai ba kitse ba ne, ruwa ne. Matse shi za ka yi."

"Ta yaya, Koci?"

"Ka ajiye ruwa. Ko ɗigo. Ka samu babbar leda ka huda ta ka saka a ƙarƙashin riga, ka tsaya inda yake da zafi. Kai da kake da tanderu ma, ai Allah ya gama maka komai. Ka riƙa tauna cingam kana tofar da yawu. Da ka sauka daga kan ma'auni, ka sha abinka har ka gaji."

"Ba ya yin illa?"

Koci ya bugi ƙirji. "Dube ni! Ka ga illa? Namiji ne kai ko kuwa?"

Wannan tambayar ce ta gama da shi. Da Koci ya ce abin na da haɗari, da Bijimi ya yi tunani. Amma a tambaye shi ko shi namiji ne? Ya fita bai ko taɓa ƙarfe ba, ya biya kanti ya sayi leda da cingam.

Matarsa ce ta fara ganewa, don ita ke cika masa gorar ruwa in zai tafi aiki, kuma gorar ta dawo yadda ta tafi. Da ta je wanki ta tarar da ledar a cikin rigarsa, sharkaf, tana wari. Ta same shi a ɗaki ya jingina da bango, idonsa a rufe.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Ajiye min kayana."

"Yaushe rabonka da ruwa?"

Ya juyar da fuskarsa wajen bango.

"Wallahi zan kira likitar nan in tambaye ta."

Ya buɗe ido. Bai taɓa yi mata tsawa ba tunda aka yi aurensu, amma ranar ya yi, da muryar da ta dishe. "Ki kira ta! Ki kira ta ta soke sunana, sai ki je ki gaya wa Auta da bakinki cewa ke ce kika hana!"

Matar ta tsaya da ledar a hannu, hawaye na zubo mata. Ta ajiye ta a bakin gado ta fita, ba ta kira kowa ba.

Ranar jajibirin gwajin ita ce mafi muni. Tanderu na huci, ledar ta manne masa a fata, gumi na gangarowa har cikin takalminsa. Can zuwa la'asar gumin ya ƙafe, ya daina fita, shi kuma a wautarsa ya ɗauka alama ce ta nasara. Harshensa ya yi kauri a baki. Ƙwaurinsa ya riƙa ɗaurewa, sai ya dafa tebur ya cije har ya saki. Ya sunkuya zai ɗauki buhu ɗaya tak, buhun ya ƙi tashi, ɗakin ya juya masa. Mai kwaɓa fulawa ya miƙo masa kofin ruwa mai sanyi, raɓa na tsattsafowa a jikin kofin. Bijimi ya kalli kofin nan, maƙogwaronsa ya motsa da kansa, ya kawar da kai. Da aka tashi ya lallaɓa ya hau ma'aunin fulawa. Allurar ma'aunin ta sauko. Ya yi dariya shi kaɗai, leɓensa ya tsage, ya ɗanɗani jini.

Da safe matarsa ta raka shi asibiti. Inna ta riga su zuwa, tana zaune a benci da carbi. Nas ta kira shi ciki, ta ce ya cire takalmi ya hau. Ya ƙura wa lambobin ido suna rawa, suna rawa, suka tsaya.

"Kai, Malam, ka yi ƙoƙari!" in ji nas. "Har ka wuce abin da aka ce da rabin kilo."

Daɗi ya kama Bijimi har ya ji ƙwalla na neman zuwa, sai dai ba ruwan da zai yi ƙwallar. Ya leƙa ƙofa ya ɗaga wa matarsa babban yatsa. Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Yana shirin tambayar inda famfo yake, nas ta ce, "Zauna in ɗebi jininka tukuna. Sannan ga wannan." Ta miƙo masa ƙaramar roba mai murfi. "Fitsari za ka kawo."

Koci bai ce komai a kan fitsari ba. A dambe ba a tambayar wannan.

Jinin ma da ƙyar aka samu, nas ta soka nan ta soka can, tana cewa jijiyarsa ta ɓuya. Ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya yi nishi, ya yi addu'a, ya buɗe famfo don ƙarar ruwan ta taimaka. Abin da ya fito daga ƙarshe bai rufe gindin robar ba, kuma kalarsa kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Ya kafa kai a famfon ya sha, ya sha, har cikinsa ya murɗa, amma ya san bakin alƙalami ya bushe, jinin yana can hannunsu.

Nas ta karɓi robar, ta ɗaga ta a haske, murmushinta ya ɗauke. Ta ce ya jira.

Jiran nan ya fi tanderu zafi. Inna sai labari take yi, tana lissafa abin da za ta dafa masa bayan aiki don ya mayar da jikinsa. Matarsa kuwa ta ƙura wa ƙasa ido. Da aka kira shi, ta miƙe ta bi shi ba tare da an ce ta zo ba.

Likita ba ta ce ya zauna ba. Ta zo ta kama fatar bayan hannunsa ta ja, ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ba ta koma ba.

"Malam, yaushe rabonka da ruwa kafin yau?"

"Likita, ai na kai nauyin."

"Ba nauyi na tambaye ka ba."

Matarsa ce ta faɗa, duka, da ledar da tanderun da cingam. Likita ta dafe goshi.

"Innalillahi. Ka san abin da ya sa na ce ka rage ƙiba? Don ƙodarka ta huta, wadda za ka bayar da wadda za ta rage maka. Kai kuma ka je ka gasa su duka biyun! Gwajin jininka ya nuna sun ji rauni. Yau ba za ka koma gida ba, gado za mu ba ka mu sa maka ruwa."

"To in an sa min ruwan ai shi ke nan, ko? Ni ƙaƙƙarfa ne, Likita, wallahi gobe za ki ga na warware. A sake gwadawa!"

"Ina fatan za su warware, yawanci suna yi. Amma ba likitan da zai cire ƙodar da ta ji rauni a satin nan ya dasa wa mara lafiya. Sai an yi watanni ana duba ka." Ta sassauta murya. "Da ka zo min da kilo ukun nan, da na zauna da likitocin mun duba, don sun ga irin ƙoƙarin da ka yi. Wataƙila da sun yarda. Wannan kuwa ba ni da bakin roƙo."

Bijimi ya zauna a kujerar da ba a ba shi ba. Likita ta ce za ta je ta yi wa Auta bayani, ya girgiza kai, ya ce a bar shi ya je da kansa kafin a kwantar da shi.

Ɗakin wankin ƙoda yana ƙarshen baranda. Kujeru ne a jere, kowace da injinta, jini na zagayawa cikin siraran robobi. Auta na kujerar kusa da taga, ta yi kwalliya, har da jan baki. A kan cinyarta akwai ledar alewa, ta rarraba wa nas-nas da masu jinya. Tana hango shi ta washe baki.

"Ga shi nan! Ga yayan nawa da nake ba ku labari! Yaya, na yi sallama da kowa, na ce musu yau ne zamana na ƙarshe a kujerar nan. Har na yi wa Baba alkawarinta, ya daɗe yana son gefen taga." Ta nuna wani dattijo a kujerar gefe, dattijon ya ɗaga masa hannu yana sa albarka.

Bijimi ya ƙaraso ya durƙusa a gabanta. Auta ta dubi leɓensa da ya tsage, ta dubi idonsa da ya zurma, ta dubi matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. Murmushin ya tsaya a fuskarta na ɗan lokaci, don bai san inda zai tafi ba.

"Ba ka kai ba?"

"Na kai," ya ce. "Na kai, Auta. Ruwa na daina sha don in kai. Sun ce na ɓata ƙodar. Sun ce ba bana ba."

Ya so ta zage shi, wallahi ya so, ko ta mare shi da hannun da ba allura. Ba ta yi ba. Ta naɗe bakin ledar alewar a hankali, ta tura ta gefe. Sannan ta juya wajen dattijon, da ladabi, kamar mai roƙon aron abu.

"Baba, ka yi haƙuri. Kujerar nan zan ci gaba da zama a kanta."