Gashin Inna Asabe

Azahar ta gota kaɗan, ruwan da aka fara tun hantsi ya ɗauke, amma rana ba ta fito ba. Iska mai laima tana tasowa daga wajen tabki, tufafi na manne wa mutum a jiki. Atika ta shigo gidan maƙwabciyarta Inna Asabe da taɓo har idon sawu, kwandon yakuwar da ta tsinko a gona yana kanta, ta manta ba ta sauke ba. A hanya aka tare ta aka gaya mata. Maza sun cika ƙofar gida, wasu a tsugune, ba mai ɗaga murya.

Wata mata ta sauke mata kwandon. "Sai haƙuri, Atika. Ana tsakar ruwan nan ta cika."

"An yi mata wanka?"

"Malama Safiya na ciki, ta kusa gamawa."

Atika ta nemi hawaye a idonta, babu. Ƙirjinta shiru kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mata a rai, kan Inna Asabe.

Duk unguwar an san gashin nan. Ba irin na sauran mata ba ne. Mai laushi ne, dogo, yana lanƙwasa yana miƙewa kamar ruwan tabki in iska ta taɓa shi. Asabe takan ce wajen kakarta ta gado, wata Bafillatana da aka aura a ƙauyensu can wajen Safo. Sai dai ba ya riƙe kitso, kuma da damina ta sauka sai ya tashi buzu-buzu, ya fi ƙarfin ɗankwali. Tun tana amarya mata ke yi mata dariya, suna kiranta Mai Sheƙa, shi ya sa ba ta taɓa bari an ga kanta a hargitse ba. Da ciwo ya kwantar da ita, hannu ya daina ɗaguwa, Atika ce ke shigowa ta gyara mata.

Ranar Laraba ta ƙarshe da ta yi mata, Asabe na jingine da bango tana faɗa kamar ba marar lafiya ba.

"Ke ɗiyar nan, aje matajin nan. Mi na gaya miki? Ba a taje shi a bushe. Jiƙa hannu."

"Na jiƙa, Inna."

"Ƙara. Daga baki za ki faro, ki hau sannu da yatsu. Wanga hannu naki kamar na mai sussuka."

"To ai gashin naki ne, Inna, ya fi akuya taurin kai."

Asabe ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta huce ta nuna gwangwanin man kaɗe. "Kaɗan, ki murza a tafi tukuna. In kin wanke kuma kar ki goge da zane, matsewa ake." Ta ɗaga ido ta dubi rufin ɗaki. "Atika, in ta Allah ta kasance, kar ki bari su kai ni da kai a tsaye. Na sha dariya a duniya, ta isa."

"Haba Inna, daina wannan magana."

"Ce mini to."

"To."

Yanzu Atika ta ɗaga labulen ɗakin ta shiga. Warin sabulu da turare. An lulluɓe Inna Asabe da zane har wuya, likkafani a ninke a gefe. Malama Safiya mai wankan gawa tana durƙushe a wajen kai, mataji a hannunta. Ta tsefe kitson kamar yadda ake yi wa kowace mace, ta wanke da sabulu, ta goge da zane sosai don kada likkafani ya jiƙe, sannan ta sa mataji. Gashin ya tashi, fari da baƙi, ya baje a tabarma kamar audugar rimi da aka fasa. Fuskar ta ƙanƙance a tsakiyarsa.

"Ni dai ban taɓa ganin irin wanga gashi ba," in ji Malama Safiya. "Ina tajewa yana ƙara tashi. Kalaba uku nake so in yi, ya ƙi kamuwa."

"Malama, ba ni wuri."

"Kin yi alwala?"

Atika ta fita ta yi a gindin randa, ta dawo. Ta miƙa hannu kan taga wajen gwangwanin.

"A'a," Malama Safiya ta riƙe mata hannu. "An gama wanka, ba na shafa wa mamaci mai. Turare kawai."

"Kaɗan ne, Malama."

"Ko ɗigo."

Atika ta janye hannunta. Ta jawo ƙwaryar ruwa ta tsoma hannu biyu. Ta ɗauki bakin gashin ta matse a tafinta, ta sa yatsu tana rabawa sannu, tana hawa. Kan ya yi sanyi, ya yi nauyi, ba ya juyowa da kansa yadda ya saba. Inda ruwa ya taɓa sai ya kwanta, lanƙwasarsa ta dawo. Ta kama kalaba ta farko a dama.

Daga tsakar gida muryar Tanko, ƙanen Asabe, ta shigo. "Malama, hadari ya sake haɗowa. Masu haƙa sun ce ruwa ya fara tsattsafowa a kabarin."

"Muna zuwa."

Atika ta yi ta hagu. Yatsunta sun san hanya, ita kuwa kamar tana kallon hannun wata. Aka yi tsawa can nesa, wajen garin Ɗan Issa.

"Malama!" Tanko ya sake kira. "Don Allah. In ya cika sai an sake wani."

"Atika, ya isa," in ji Malama Safiya a hankali. "Haƙƙinta ne a kai ta da wuri."

"Saura ƙeya."

"Na gani."

Malama Safiya ta tattara na ƙeyar yadda yake, a bushe, ta murɗa shi sau uku ta tura ƙarƙashin wuya. Silin gashi suka fito ta gefe suna tsaye. Atika ta miƙa jiƙaƙƙen hannu, amma an riga an ja likkafani.

Maza suka ɗauka. Ba a jima da fitarsu ba ruwa ya sauko.

Mardiyya, ɗiyar Asabe da ke aure a Ɗan Issa, ba ta iso ba sai bayan la'asar. Ruwa ya cinye hanya, ɗan kabu-kabu ya sauke ta nesa, ta ƙarasa a ƙafa. Ta tarar an dawo daga maƙabarta. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna bakin ƙofar ɗakin uwarta, mata na yi mata gaisuwa tana amsawa da kai. Da suka ragu ta dubi Atika.

"Yaya Atika, wa ya yi mata kai?"

"Ni."

"Ya kwanta?"

Atika ta dubi ruwan da ke zuba daga indararo. "Gaba ya kwanta."

Mardiyya ta gyaɗa kai, ta juya tana kallon cikin ɗakin. Ɗankwalinta ya zame tun a hanya ba ta sani ba, gashinta ya fito ta goshi da bayan kunne, laima ta tayar da shi tsaye. Wasu baƙin mata na shigowa daga zaure da sallama.

Atika ta tara tafinta a bakin indararo, ta matso ta bayan Mardiyya. Ta shafa daga goshi zuwa ƙeya, ta sake tarawa ta sake shafawa, har ya kwanta. Ta jawo ɗankwalin ta ɗaure. Mardiyya ba ta waiwayo ba.